Inna Mai Masa da Wutar da Ba a Kashewa da Ruwa

A Ƙofar Wambai in ka ce Hamsatu sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Inna mai masa, ko akuya za ta kai ka ƙofar gidan. Bafulatana ce, a wata ruga bayan Miri aka haife ta, aure ya shigo da ita gari. Mijinta Hammajoda ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya da tanda ɗaya, kuma tandar ta fi 'yar jin magana. Shekara talatin da biyar tana durƙuson hura itace, har idanunta suka yi jawur, ƙirjinta kuwa in ta ja numfashi sai ka rantse tsohuwar ƙofar langa-langa ake buɗewa.

Likita ya ce hayaƙi ne. Rediyo kullum yana cewa a bar sare daji a koma gas, wai ƙasarmu na da shi jibge. Itacen ma ya fara yanga, sai an roƙa ake samu. Sai ga 'yarta Radiyya, malamar makaranta, ta sauke tukunyar gas daga keke ta kafa a madafi.

"Inna, ko wannan, ko ki bar masa ki dawo gidana ki zauna."

"In zauna in yi me? Gadin ƙudaje?"

"To ga ta nan."

"Wannan ai bam ne aka shafa wa fenti."

Radiyya ta nuna mata inda ake murɗawa ta kama, da inda ake mayarwa ta mutu. Inna na ta cewa to, to, amma daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Tsoro ya toshe kunnen.

Kwana uku Radiyya ce ke kunnawa, ita ke kashewa. Rana ta huɗu ta kunna ta wuce makaranta da wuri. Inna ta soya ƙullunta tana ta addu'a, da ta gama sai hannu ya yi abin da ya saba: ta ɗebi ruwa a moɗa ta watsa wa wutar. Fus! Ta mutu. Inna har da murmushi, ashe abin ba shi da wani kuzari. Ta ja ƙofar madafi saboda kaji, ta fita zaure sayar da masa.

Da ta dawo ajiye kwano, tana tura ƙofar wani wari ya mare ta. Ta ce mushen ɓera ne. Ta sake rufewa gam kada ya kori masu saye. Maganin wari kuwa kowace mace ta san shi, turaren wuta. Sai dai kwana huɗu ke nan ba garwashi a ɗakinta. Ta ɗauki kasko ta nufi ɗakin Eunice, telar da ke haya a gidan, 'yar Tafawa Ɓalewa, wadda rashin wutar lantarki ya mayar da ita ga dutsen guga na gawayi.

"Maman Amos, ɗan sam mini garwashi."

"Inna, ke da kika zama 'yar gayu, me ya haɗa ki da gawayinmu na talakawa?"

"Bakinki ya fi almakashinki kaifi. Zuba mini."

Eunice ta zuba mata uku jajaye. Inna ta barbaɗa turare, ta ratsa tsakar gida tana hurawa. Eunice ta biyo ta da tsokana, sai ta tsaya cak. Hancinta ya kama abin da turaren bai rufe ba, kuma daga bayan ƙofar madafi akwai wani siririn sauti kamar na maciji.

"Inna! Tsaya nan! Kar ki motsa!"

Ta fizge kaskon ta dulmiya shi cikin bahon wanki.

"Da me kika kashe wutar ɗazu?"

"Da ruwa mana. Da me ake kashe wuta?"

"Yesu! Kowa ya fita waje! Kar wanda ya ƙyasta ashana!"

Ta toshe hanci da ɗankwali, ta shiga ta rufe kan tukunyar, ta wangale ƙofa da taga. Da ta fito ta tsaya gaban Inna.

"Harshen wutar kika kashe, Inna. Iskar tun ɗazu fita take, ɗakin ya cika da ita. Da kin shiga da garwashin nan..."

Ba ta ƙarasa ba. Inna ta dubi inda take tsaye, ta dubi ƙofar. Taku biyar. Jikin bangon madafin kuma ɗakin Hafiza ne, wata mai haya da ke jego, jaririyarta na barci a ciki. Inna ta zube ƙasa tana salati, ta kasa kai ƙarshensa. Matar da ke ɗaukar garwashi da yatsa, ranar ko shayi sai da aka riƙe mata kofi.

Radiyya ta zo da yamma ta yi kukanta, ta ce a haɗa kaya, masa ta ƙare. Da gari ya waye Inna ta ƙwanƙwasa ƙofar Eunice.

"Zo ki fitar mini da randa da moɗa daga madafi. Ban yarda da hannun nan ba. Sannan ki nuna mini abin murɗawar, wannan karon a ciki zan tsaya."

Sau goma ta murɗa, sau goma ta mayar, gumi na ɗiga daga haɓarta.

Har yau tana soya masarta, tarin ma ya yi sauƙi. Amma duk ranar Allah in ta gama, hannun sai ya fara kaiwa inda moɗa take da, ya tarar ba komai. Sannan ta murɗa, ta kara kunne, ta ja da baya tana kallon tukunyar kamar kare marar ɗauri.

"Maman Amos! Zo ki shinshina mini!"