Dodon da Ya Hana Tattabaru Sauka

Haƙoransa na fara gani. Na tura ƙofar ɗakin Kaka don in ce mata an sauke abinci, sai ga wani kai a kan taga, ba shi da gangar jiki, yana yi mini murmushi da haƙoran 'ya'yan kabewa. Rana tana faɗuwa ta bayansa, haskenta ya ratsa ramukan idanunsa ya zubo ja-wur a kan tabarma. Ban yi ihu ba, ban kuma gudu ba. Na tsaya riƙe da ƙofa, zuciyata tana irin bugun nan da daga baya na riƙa karantawa a littattafan soyayya, na budurwar da ta haɗa ido da wanda bai kamata ta kalla ba.

"Shigo mana, 'yar Masar," in ji Kaka, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bai fara cin mutane ba tukuna, ƙullun jikinsa bai bushe ba."

A unguwar Arba wa Nus muke zaune lokacin, can gabashin Alƙahira, a hawa na ƙarshe na wani bene mai jan bulo da ba a taɓa yi wa shafe ba. Baba daga Damagaram ya zo karatu a jami'ar da ke Darrasa, ni kuwa a nan aka haife ni. Kaka mahaifiyarsa ce. Ta zo ne saboda cikin Mama ya tsufa, ba kuma wanda zai kula da ita idan ta haihu. Ta iso da akwatin ƙarfe ɗaya da hannuwa biyu da ba su san hutu ba.

Ba ta jin Larabcin Masar, ba ta son hayaniyar titi, don haka sai ta mai da ɗakinta wata duniya. Abin da gari ya zubar, shi take tsinta. Ta dama garin alkama da ruwa, ta yayyaga tsohuwar jarida, ta yi ta liƙawa a bayan ƙwarya har ya yi kauri, in ya bushe ta ɓamɓare, ga ƙoƙon kai ya fito. Ta shafe shi da ruwan shayi ya yi kalar tsohon ƙashi, ta zagaye idanun da gawayi. Lemar ruwan da iska ta karya, ita take yankawa ta fitar da jemagu, ƙarafunan lemar su zama ƙasusuwan fiffike. Farin zare ta tsoma a ruwan sitaci ta saƙa yanar gizo a kusurwar ɗaki. Furannin da aka watsar a ƙofar gidan biki ta sa a kwaso mata, ta rataye su kai ƙasa har su yi baƙi, su koma kamar furannin wata amarya da ta mutu tana jiran ango. Haka dai nake raya wa kaina, ita kuwa cewa take yi sun fi kyau ne a bushe.

Duk wannan aiki saboda tatsuniya take yinsa. Hunturun Alƙahira yana shiga har ƙashi, don haka bayan sallar isha'i sai ta hura garwashi a kasko kusa da ƙofar baranda, ta binne dankali a toka, ta sa a kashe lantarki. Daga nan ɗakin ba namu ba ne kuma. Jemagu su fara lilo a kan zarensu, inuwarsu ta hau bango ta ninka girma. Ta saka guntun kyandir cikin ƙoƙon kai, idanunsa su buɗe da wuta.

"Ga ta can tafe," take cewa.

"Ta iso mu gan ta," mu amsa, ni da Mama.

Baba kan leƙo da littafi a hannu ya girgiza kai. "Inna, ni ina can ina fama da tauhidi, ke kina nan kina kiwon dodanni."

"Kai dai yi karatunka, Malam. Nawa ɗaliban sun fi naka ladabi, ba su taɓa mayar mini da magana ba."

Sai ya yi dariya ya zauna a bakin ƙofa, wai ɗumin wuta ya zo ji.

A tsakiyar hunturun ta ɗinka mafi girman dodanninta. Ya fi Baba tsawo. Sandar tsintsiya ce kafaɗunsa, tsohuwar baƙar abayar Mama ce rigarsa, yatsunsa ƙasusuwan kaza da ta dafa ta kankare ta jera da waya. A gurbin idanu ta manna ɓallin faifan sidi, duk inda ka tsaya sai ka ga yana walƙiya yana binka da kallo. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi ban tsoro ba, ban kuma taɓa ganin abin da ya kai shi kwarjini ba. A ɓoye na raɗa masa suna Yarima. Na yanke a raina cewa ɗan sarki ne da aka juyar, wata rana kuma zai yi mini magana.

Da yake kansa ƙato ne, ya ƙi bushewa a ɗaki. Sai Kaka ta hau da shi rufin bene ta ɗaure a bayan tankin ruwa, inda rana take wuni ba ta gajiya, inda kuma mai hawowa daga matakala ba zai gan shi ya firgita ba. Ta yi tunanin masu tafiya a ƙasa. Ba ta yi tunanin masu kallo daga sama ba.

Mai gidan, Ammu Ragab, yana da ɗakin tattabaru na katako a kan rufin, dogo kamar hasumiya. Tattabarun nan su ne ransa. Kullum da la'asar sakaliya yakan sake su, su cika sararin unguwa, in magariba ta gabato ya kaɗa tuta ya yi fito, su zubo masa kamar ruwan sama. Ranar da aka hau da Yarima, ya kaɗa tuta har hannunsa ya gaji. Suka yi ta kewaya benen, su sauko kamar za su sauka, sai su zabura su koma. Washegari ma haka. Wasu suka kwana a kan rufin mutane, wasu suka faɗa ɗakin wani abokin gasarsa, wanda a al'adarsu ba ya mayarwa sai ya gama yi maka dariya a gidan shayi.

Da Ammu Ragab ya zagaya bayan tanki ya ci karo da Yarima yana kaɗa baƙar riga a iska, ihunsa har hawa na ɗaya.

Ya buga mana ƙofa kamar zai ɓalle ta. "Ya sheikh! Sihiri a gidana? Na ba ka ɗaki don na ga kana ɗauke da littattafai, ashe ga abin da kuke yi! Khalas, magana ta ƙare, wata na ƙarewa ku tattara."

Baba ya yi ta "ma'alish" yana ba shi haƙuri, ya yi rantsuwa, mutumin bai saurara ba. Kafin dare labari ya gama benen. Da ma akwai masu cewa mutanenmu sun iya asiri, yanzu sun ga abin nunawa. Matar da Mama ke sayen tumatir a wurinta ta daina karɓar kuɗi daga hannunta, sai dai a ajiye a kan tire. Mama ta zauna a bakin gado riƙe da cikinta tana hawaye. Baƙo baƙar fata ba ya samun gida a garin nan cikin sauƙi, balle wanda aka kora da irin wannan suna, ga sanyi, ga haihuwa yau ko gobe.

"Inna, ƙone su zan yi duka," in ji Baba. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ƙone su a ɓoye, su ce ka ƙarasa aikin ne. Tsaya tukuna. Me ya ce an yi masa?"

"Tattabarunsa sun ƙi sauka."

Sai Kaka ta dafe baki, kafaɗunta suka fara rawa. "Tattabaru? Wayyo ni 'yasu! Ai dodon aikinsa ya yi, bawan Allah." Ta ce tun tana 'yar yarinya ita ke tsaron gonar geron mahaifinta, a can ta koyi wannan ɗinki: baƙin tsumma mai kaɗawa da abu mai walƙiya, ba tsuntsun da zai kusanto. Shekaru sun sa ta manta don me aka fara yinsu.

"Ko na faɗa masa ba zai yarda ba," in ji Baba.

"Kada ka faɗa masa. Ce masa tsohuwa na roƙon ya zo ya sha shayinta."

Ya zo, don ƙin amsa kiran tsohuwa abin kunya ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Ya zauna dab da ƙofa, leɓunansa suna motsi da addu'a. 'Yarsa Salma, sa'ata, ta biyo shi ta maƙale a bayansa. Yarima yana jingine a bango, garwashi yana wasa a idanunsa. Kaka ta ce Baba ya riƙa juya maganarta zuwa Larabci, sannan ta fara.

Wai an yi wata budurwa marainiya mai gona a bakin gari, tsuntsaye suka hana ta cin amfaninta. Sai ta ɗinka dodo ta kafa a tsakiyar gonar. Ta iya ɗinki ƙwarai, har ya zama tsuntsaye sun bar yankin gaba ɗaya. Ɓarayi suka daina bi ta nan. Ta ji daɗi. Sannan mata masu zuwa rijiya suka sauya hanya. Yara suka daina zuwa roƙon rake. Saurayin da ke zuwa zance da yamma ya tsaya daga nesa ya hangi abin, ya juya. Lokacin girbi ya yi ta cika rumbu, ba wanda zai taya ta sussuka, ba wanda zai ce mata sannu. Rannan ta zauna a gindin dodon ta ce masa, na ɗinka ka ka tsare mini gero, ka tsare ni daga mutane. Dodo bai ce komai ba, don ciyawa ce a cikinsa. To ita kaɗai ta san haka.

Kaka na faɗin wannan ta jawo Yarima ta kwantar a kan cinyarta, ta ɗauki almakashi.

"Sai budurwar ta ɗauke shi ranar kasuwa, ta kai tsakiyar mutane, ta farke shi a gabansu."

Na ji ƙarar zaren farko yana tsinkewa kamar a ƙirjina. Ta zare yatsun ta zuba a faranti. "Kazar da muka ci ranar Juma'a." Ta warware rigar. "Abayar surukata." Ta ɓamɓare idanun ta miƙa wa Ammu Ragab, ya karɓa da yatsu biyu yana jujjuyawa. Sannan ta ɗaga kan, ta kalli Salma, ta yafito ta.

Yarinyar ta tako a hankali. Kaka ta kama hannunta ta cusa ta ƙasan wuyan. Salma ta runtse ido, sai ta zaro dunƙulen jarida. Ta warware. Shafin ƙwallon ƙafa ne, da zanen biro a gefe inda wani ya yi ta zagin alƙalin wasa.

"Wannan ai jaridata ce!" in ji Ammu Ragab.

"Ashe a wurinka ya gaji zafin rai," in ji Kaka.

Baba ya yi jim, ta zungure shi da ƙafa, ya fassara. Mutumin ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya yi dariya har da tari.

Ta ƙarasa: tsuntsaye suka dawo suka ci rabonsu, gero ya ragu, amma a shekarar gari guda ya taya budurwar girbi. "Ta kwanta a nan, kada wanda ya tashe ta."

Ammu Ragab ya miƙe yana gyara jallabiya. "Ya hajja, labarinki ya yi daɗi. Amma ni tattabaruna nake so. In sun sauka gobe, tamam, magana ta wuce."

Washegari duk muka hau rufin, har Mama da take hawa tana hutawa. Sama ta yi launin garwashi, kiran salla ya fara tashi daga masallatai, wannan na kama bakin wancan. Ya ɗaga tuta ya yi fito. Suka taho daga yamma a dunƙule, suka kewaya mu, na ji iskar fikafikansu a fuskata. Suka sake kewayawa. Ba mai numfashi a cikinmu. Sai wata fara ta ware, ta saki ƙafafu ta dira a kan katako, sauran suka zubo a bayanta. Na ga ƙaton mutumin nan yana share ido da gefen tutarsa.

Muna zaune a wannan gidan aka haifi ƙanena, matar Ammu Ragab ce ma ta riƙe Mama a mota zuwa asibiti.

Na daɗe ina jin haushin farke Yarima. Sai da na girma, na zauna cikin mutanen da ke kallona ba su san abin da ke cikina ba, na gane abin da Kaka ta yi a daren. Tana da gaskiya, kuma da ta tsaya a kan gaskiyarta da mun kwana a titi. Ta zaɓi ta lalata mafi kyawun abin da hannunta ya taɓa yi don maƙwabci ya ga cikinsa da idonsa. Har yau in na lura wani yana tsorona, ko ni ina tsoronsa, nakan tambayi kaina wane ne a cikinmu zai fara ɗaukar almakashi.

Salma kuwa tun daga ranar ba ta sake barin ɗakin Kaka ba. Ba su da yare ɗaya, da hannu suka yi ta magana har Kaka ta koma gida. Yanzu tana aure a unguwar Faisal, ta mai da ɗaki guda wurin aiki, tana yi wa gidajen shayi da masu wasan kwaikwayo kawuna da jemagu da baƙaƙen furanni. Na ziyarce ta bara. Na lura duk abin da ta ɗinka tana barin wata 'yar kafa a bayansa ba ta rufewa. Masu saye suna ƙorafi, wasu har su dawo da kaya. Ta ce ba za ta rufe ba, wurin sa hannun yara ne.