Furen Battar Inna

Da aka raba gadon Inna a Kurfi, yayyena maza suka ɗauki gona da jakuna, ni kuma aka miƙo mini zannuwa da tasoshi da wata 'yar batta ta alminiyan. Zannuwan na rabar, tasoshin suka shige cikin na gida har na daina gane su. Battar ce kaɗai na ƙulle a bakin zanena, na hau lori da ita zuwa Dutsin-Ma, gidan aurena. A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba.

Ba wata babba ba ce, tafin hannu ma ya rufe ta. Inna ta sayo ta ne a hanyar Makka, can wajen Sudan, sa'ad da suka tafi da Baba tun ban yi wayo ba. An shafe ta da koren fenti, a kan murfin kuma an manna wasu 'yan furanni na alminiyan, sirara kamar farce, masu ja da ruwan ɗorawa. A ciki Inna take ajiye kwalli da kanumfari da 'yar audugar turare, saboda haka ana buɗewa ƙamshinta ne yake fara bugo mutum. Duk duniya ba ni da wani abu nata da ya wuce wannan. In kewarta ta taso mini sai in shiga ɗaki in buɗe, in shaƙa, in rufe, in koma bakin murhu.

Wata safiya ina kakkaɓe jere sai battar ta faɗo, fure ɗaya ya ɓalle. Ko a jikina. Na tsince shi zan jefa a ciki, don a wurina fure a kan murfi da fure a cikin batta duk na Inna ne. Rashin sa'a, maigidan yana bakin ƙofa yana sa takalmi, kuma ya ji ƙarar.

Dillalin hatsi ne, Allah ya ji ƙansa, amma tun da aka kai ni gidansa ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Ya san maganin ciwon jaki, ya san ranar da za a yi ruwa, ya san abin da yake hana jirgin sama faɗowa, alhali ko Katsina sai ya shekara bai leƙa ba. Ƙyauren ɗakina lafiyarsa ƙalau ya ce zai gyara, tun daga ranar sai da dutse nake tokare shi.

Ya ce, "Mi ya hwaɗi?"

Na nuna masa, na ce, "Malam, don Allah bar shi haka nan. Ban son a taɓa."

"Ke dai kawo. Wanga ɗan abu ai ko da miyau na liƙe shi."

Ya karɓe, ya zazzage mini kwallin da kanumfarin a kan faifai kamar mai zubar da tsakuwa, ya fita zaure da ita.

Bayan la'asar abokansa suka taru kamar kullum, ni kuma ina bayan katanga ina tankaɗe, ina jin komai. Ashe duk malaman liƙi ne ban sani ba. Mutanen da in zanen matarsu ya yage ba su san ta inda ake zura zare a allura ba, su ne suka zauna suna yanke wa battar uwata hukunci. Aka tsaya a kan ƙaro, irin wanda ake sa wa tawada. Ya jiƙa, ya dangwala, ya danne da babban yatsa, ya sa a rana. Da ya bushe ya ɗaga zai nuna wa jama'a, furen ya faɗo a cinyarsa. Sai ya ce laifin ƙaron ne, na wajen Birchi ne, ƙasarsu ba ta da ƙarfi.

Kashegari wani abokinsa masinja ya zo da gam a 'yar kwalba, irin wanda ake liƙe ambulan da shi, yana ta hura hanci wai na Turawa ne. Wannan ya kwana a manne. Da safe maigidan ya ce bari ya gwada ƙarfinsa, ya sa farce ya ɓanɓara, furen ya taso har da ɓawon koren fenti, wurin ya zama fari fat. Mai ido ya ga abin da ke faruwa: gam yana kama fenti, fenti kuma yana sakin ƙarfe. Shi ko murna ya yi, ya ce ai ga shi an fara samun kan abin.

Daga nan aka koma sholisho, wanda ake facin tayar keke da shi. Mutumin da bai san kaɗan ba, ya lafta shi da yatsa har gefen murfin. Kafin a jima fentin ya tattare ya yamutse kamar saman kunun da ya huce. Furen kuma ya riƙa zamewa, in an tura shi nan ya tafi can. A nan ne wata dabara ta faɗo masa, wai bari ya ga da me masu battar suka liƙe nasu tun asali. Ya zaro wuƙa ya ɓalle sauran furannin da ba abin da ya same su, ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa bayansu yana gyaɗa kai kamar mai karatu. Bai ga komai ba, sai ya ce sirrin mutanen gabas ne.

Ran nan da na kai masa tuwo na tarar da battar a gefen tabarma. Na ɗauka na buɗe na kai hanci. Babu Inna a ciki, sai warin sholisho mai hawa kai. Na yi kuka a gabansa, abin da ban saba ba, na ce ya ba ni kayana haka nan, na yafe gyaran.

Ya tsame hannu daga miya ya dube ni. "Yanzu magana ta wuce ki. Gari duk ya ji ina aikin nan. So kike a ce ɗan gwangwani ya gagare ni?"

Tun daga wannan magana na daina ganinsa da girma. Ina durƙusawa in gaishe shi, ina kai masa ruwan wanka, amma a raina bai fi ɗan akuyan da ya shiga rumbu ba. Ta Inna ba ta dame shi ba, tawa ma ba ta dame shi ba. Abin da zai faɗa a rumfar 'yan hatsi shi ne kawai a gabansa.

Aka kawo dankon gamji, ya narka shi a kasko a kan garwashi, ya ɗiga da zafinsa. Jan furen ya ƙone ya yi baƙi, dankon ya daskare ya yi tudu kamar kashin kaza, kuma da aka ƙwanƙwasa ya faɗo gaba ɗaya. Ya ce gamjin bana ne ba shi da kyau. Ƙarshe ya aro ƙarfen da masu liƙin fitila suke aiki da shi, da guntuwar dalma. Dalmar ta narke ta riƙa gangarewa a kan murfin kamar tsabar gero, ta ƙi zama. Maimakon ya haƙura sai ya ce wuta ce ta yi kaɗan, ya tura murfin cikin garwashi, ya sa mafici yana fifitawa da ƙarfinsa. Ina jin lokacin da zauren ya yi tsit, sannan wani ya yi gyaran murya ya ce lokacin salla ya yi. Ashe murfin ne ya narke.

Bayan haka battar ta ɓace daga zaure. In na tambaya sai ya ce tana wurin gyara, in na ƙara sai ya ce na cika naci. Ni kuwa na riga na saukar da buri. Na haƙura da furannin, na haƙura da fentin, murfin ma na haƙura. Gindin kawai nake so a dawo mini da shi, in wanke da toka, in mayar da kanumfarin Inna ciki, ko Allah zai sa wani abu ya dawo.

Wata ranar kasuwa ya shigo da yamma fuska a sake, yana taku ɗaiɗai. Ya kira ni tsakar gida, ya sa hannu a aljihu ya zaro wani cokali sabo fil, yana ƙyalli. Ya ce ya yi nazari ya gano battar tun asali ba ta da nagarta, fentin banza ne aka rufe idon Hajiya Inna da shi, shi ya sa ya kai wa maƙerin fari, mai aikin alminiyan, ya narka ta duka, har da furannin.

"Kin gani? Da ba ta da wani amfani sai ajiya. Yanzu ko ga abu na zamani."

Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya janye. Ya ce mata ba su san darajar cokali ba, zan bari yara su yar. Shi zai riƙe, ya riƙa shan koko da shi a zaure, in baƙi sun zo su gani.

Ya tsaya yana kallona, na tsaya ina kallonsa. Can ya ce, "Ban ji kin ce komi ba."

Na durƙusa na ce, "An gode, Malam. Allah shi ƙara basira."

Ya ce amin, da gaskensa. Kashegari da safe aka turo mini kwanon kokonsa daga zaure da cokalin a ciki, in wanke.