Ranar da Dada Ta Rufe Baki

A gidanmu na Jambutu, cikin Garwa, ɗakin kakata Dada ne kaɗai ake hura wa wuta ko da damina. Tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye take kukan sanyi a ƙafa, don haka kullum bayan isha'i sai a shigar mata da kaskon gawayi. Mu jikoki mu biyar muna zagaye shi da masararmu, muna gasawa muna jiran ta gyara murya. Shekaru kaɗan ke nan bayan samun 'yancin kai, ina aji uku a lekol, wato makarantar boko.

Dada ba ta iya tashi da kanta. Wadda ke ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki, ita ce Iya Marta, wata Kirista daga duwatsun Poli da Dada ta sani tun suna sayar da gyaɗa a kasuwa. Aka ɗauke ta aiki, aka raba albashinta uku: kashi ɗaya na Baba, ɗaya na Baffa Sani da ke cinikin shanu a Banyo, ɗaya na Goggo da ke aure a Marwa. Na Banyo a hannun direbobi yake zuwa, idan hanya ta ɓaci sai ya yi wata biyu, Baba ya cike daga aljihunsa yana mita. Iya Marta ba ta taɓa tambaya ba. Tana kwana a tabarma gefen gadon Dada, ran Lahadi ta je coci ta dawo kafin azahar.

A daminar nan ne saƙo ya zo mata cewa uwarta na kwance a ƙauye. Ta nemi Baba ya ba ta sati biyu. Lokacin kuwa kogin Binuwai ya cika, jirage sun hau, Baba yana tashar jirgin ruwa yana rubuta buhunan auduga tun asuba har magariba. Innarmu ba ta yi arba'in da haihuwa ba. Baba ya ce ta yi haƙuri ya rubuta wa Goggo ta zo ta karɓe ta. Goggo ta aiko cewa ai yanzu layi ya zo kan matar Baffa ne. Baffa bai amsa ba. Kwana goma sha biyu ana haka.

Wata rana Baba ya shigo gaishe da Dada, ya same mu mun zauna. Yana shirin fita ta ce, "Zauna ka ci masara." Sai ta juya gare mu. "Ga wata nan ta ƙetaro kogi."

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Ta ce wai akwai wani tsohon kada da haƙoransa suka zube, ba ya iya farauta. 'Ya'yansa uku manyan kadoji ne, kowa da gefen kogin da yake riƙe, ba mai lokacin zama da shi. Sai suka yi jinga da 'yar tsuntsuwar nan ladin kogi, za ta riƙa tsinto masa ƙananan kifi tana sa masa a baki, su kuma su biya ta tiyar shinkafa duk wata. Tsuntsuwa ta riƙe aiki da kyau har tsoho ya yi ƙiba. Ashe ita ma tana da tsohuwar uwa da fukafukinta ya mutu, tana zaune a wani tsibirin yashi. Da ruwa ya fara hawa sai tsuntsuwa ta ce a bar ta ta je ta janye uwarta kan tudu. Babban ɗa ya ce ta tambayi na tsakiya, na tsakiya ya ce ta tambayi ƙarami, ƙarami ya nutse. Tsohon kada yana jin su. Da gari ya waye tsuntsuwa ta kawo kifi, sai ya rufe bakinsa gam.

Nan Dada ta dakata, ta miƙa hannunta mai lafiya kan wuta.

Ƙanena ya ce, "Dada, sun bar ta ta tafi?"

"Ban sani ba."

"To uwar tata fa?"

"Ita ma ban sani ba. Ruwa dai yana hawa. Nan ta tsaya, ku je ku kwanta."

Muka fita muna gunaguni, don ba ta taɓa ba mu tatsuniya marar ƙarshe ba. Iya Marta tana bakin ƙofa tana ninke zannuwa, kanta a ƙasa.

Washegari Iya Marta ta kai kunu, Dada ta kau da kai. Da rana ma haka. Iya Marta ta durƙusa tana cewa da Hausarta ta kasuwa, "Dada, sha kaɗan, kar ka sa su ce ni ne." Dada ta ce, "Ba ke ba ce. Hannunki ne ba zan ci daga gare shi ba sai kin dawo daga Poli." Aka aika tasha aka kira Baba. Ya tsaya a kanta ya ce, "Dada, wa zai ɗaga ki?" Ta ce, "Ina da ɗa mai hannu biyu."

Da yamma Baba ya biya Iya Marta duk abin da take bi, har da kason Banyo da bai iso ba, ya sa ta a kamiyo, wato babbar motar kaya, mai zuwa Poli. Ya roƙi wani abokin aikinsa ya riƙe masa rabin yini. Sati uku shi ke ɗaga uwarsa safe da yamma, wata maƙwabciya tana yi mata wanka, ni kuma ina ba ta abinci bayan lekol. Na tuna ranar farko da ya ɗauke ta, ya kusa kayar da ita, ta ce masa, "Ta hammata ake kamawa. Shekara biyu Marta na yi a gabanka ba ka duba ba."

Iya Marta ta sami uwarta da rai, ta yi kwana shida da ita kafin ta rasu. Ta dawo ta ci gaba da aiki har Dada ta cika, bayan shekara uku.

Da daɗewa na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne 'ya'ya su kula da iyayensu da kansu. Sai da Baba ya tsufa, muka ɗauko masa wata mai jinya daga wajen Gider, muna raba kuɗinta ni da ƙannena, na gane ba haka Dada ta nufa ba. Ba ta taɓa ƙin a biya wani ya kula da ita ba. Abin da ta ƙi shi ne mu ɗauka albashi ya sayi mutum har da iyayensa. Na san wannan sarai, amma ranar da matar ta ce mini babanta ba lafiya tana son zuwa gida, na ji bakina yana cewa ta jira ƙarshen wata, ina da aiki a ofis. Baba yana kan kujerarsa, ya daina magana sosai a lokacin. Ya dube ni kawai. Na shiga ɗaki na ɗauko mata kuɗin mota.