Hannun Maigida a Hannun Wata

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa riƙe hannun maigidana a gaban mutane ba. In za mu unguwa, yana gaba ina baya. Maƙeri ne a bayan tashar jirgi, kuma da hannunsa na dama muke ci.

Wata damina, Minna ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, hannun ya kumbura tun daga kafaɗa, ya yi nauyi, jijiyoyi suka fito raɗau a ƙirjinsa. Muka ce targaɗe ne. Mai ɗori ya murza, abin ya ƙaru. Da guduma ta gagare shi muka tafi asibiti.

Kafin likita ya iso sai ga wata nas, Bagwariya daga Kuta, yarinya ɗanya shakaf. Ta sa ya cire riga. Ta kama wuyan hannayensa biyu, tana jin bugun jini. Ta danna farcensa tana kallon yadda jini ke dawowa. Ta zagaya damtsen da tef irin na tela, ta lalluba har hammata. Shi kuwa, mutumin da ko gyalena ya taɓa shi a hanya sai ya matsa, ya sakar mata hannu kamar yaro. Har da murmushi! Wallahi kishi ya turnuƙe ni, na manta abin da ya kawo mu.

Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya ya toshe hanya, kuma murzar nan ta kusa jawo mana salalan tsiya. Aka kwantar da shi ana allurai. Kullum da safe sai nas ɗin ta zo ta kama hannun, ni ina gefe da kwanon koko kamar 'yar aike.

Ranar sallama ta juyo gare ni da Hausarta ta Gwari. "Madam, ka zo. A gida kai ne nas." Ta ɗora yatsuna a wuyan hannunsa, ɗaki cike da mutane. "Ka ji? Kullum ka taɓa. In ya kumbura ko ya yi duhu, ka kawo shi."

Na ji jininsa na bugawa. Ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba.

Hannun ya warke, ya koma maƙera. Ban daina dubawa ba, shi ma bai taɓa cewa ya isa ba. Abin da ke ci mini rai har yau, wata ce ta ba ni hannun mijina.