Alkawarin da Tafireta Ta Buga Sau Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ta yi tana aiki a wani ɗan ɗaki marar taga, a ƙarƙashin babban zauren da shugabannin ƙasashe ke taro. Tun farkon zuwanta aka laƙaba mata suna Tafireta, kuma ko da aka kwashe tsofaffin injinan buga rubutu aka kawo kwamfuta, sunan bai sake ta ba. Duk bayan shekara biyu shugabanni kan hallara su tattauna matsalolin da suka fi ƙarfin ƙasa ɗaya: zafi, ambaliya, annoba, yunwa. Ita ke buga sanarwar bayan taro, kuma galibi takan gama ta tun jiragen da ke kawo su taron ba su sauka ba.

Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu sun kama gabansu. Na kusa da ya rage mata shi ne yayanta, manomi a bakin kogi, tafiyar awa huɗu a mota. Kogin daga wata ƙasa yake gangarowa, kuma can sama an yi masa madatsa. In ruwa ya yi wa mutanen can yawa sai su buɗe ƙofofi ba sallama, na ƙasa su wayi gari shuka ta nutse.

A taronta na farko ta buga wata jimla da ta cika ta da murna. An ce ƙasashen da suka haɗa kogi za su riƙa gargaɗin juna kwana bakwai kafin a saki ruwa. Da hutu ya zo ta kai wa Yaya labari da zafinsa. Shekara ta zagayo, ruwa ya zo yadda ya saba. Tun daga nan in ta je sai ya tare ta da tsiya.

"Ƙanwata, kin zo mana da takardar? Kawo mu toshe bakin kogi da ita."

"Yaya, ni bugawa kawai nake yi."

"To ki riƙa buga ta da kauri."

Ana nan sai aka kawo sabon sakatare, mutum mai fara'a da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ce ya gaji da taron da ake cin abinci a ɗauki hoto a watse, yana so a gyara tsarin tun daga tushe. Har ɗakin Tafireta ya sauko, abin da babu wani babba da ya taɓa yi, ya tsaya yana fifita da fayil saboda zafi.

"Baba, kin fi kowa daɗewa a gidan nan. Me kike ganin ya lalace?"

Ta ji tsoron kada bakinta ya ja mata. Sannan ta sunkuya ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Kwafin kowace sanarwa yana ciki, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar kogi.

"Ranka ya daɗe, sau goma sha ɗaya na buga wannan. Shekara kawai nake canzawa."

Sakatare ya zauna a kan kwalin takarda ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗago, fara'ar ta gudu daga fuskarsa. A makon nan ya rubuta shawara: kada a ɗauki sabon alkawari sai an karanto tsofaffin a gaban kowa, kowace ƙasa ta tashi da sunanta ta faɗi abin da ta cika. Tafireta ta buga shafin ba kuskure ko ɗaya. Ta ɗauki waya za ta kira Yaya, sai ta fasa, ta ce bari abu ya tabbata tukuna.

Ranar da wakilan ƙasashe suka zauna a kan shawarar, aka hau da ita zauren, aka ba ta kujera a gefe don ta riƙa shigar da gyara yana fitowa a babban allo. Sanyin na'ura ya sa yatsunta suka ƙage. Wani wakili mai farin gashi ya yaba wa shawarar har na minti goma, sannan ya roƙi a cire kalmar "dole". Ta goge, ta sa "ya kamata". Wata ta ce kiran ƙasa da suna cin fuska ne. Ta goge sunayen. Wani ya ce karanto tsofaffin alkawura zai cinye lokacin shugabanni, a bar shi ga mai so. Sakatare ya yi magana har muryarsa ta dushe, suna gyaɗa kai cikin ladabi, suna duban agogo.

Kafin la'asar shafin ya koma layi uku. An rage jawabin kowane shugaba daga minti goma sha biyar zuwa goma sha biyu, an kuma kafa kwamitin da zai duba yiwuwar sauran. Aka yi tafi. Da hannunta ta yi wannan aika-aika, harafi bayan harafi, kuma babu wanda ya ko dubi inda take zaune.

Bayan wata biyu aka yi wa sakatare ƙarin girma zuwa wani ofishi mai nisa. Ya sauko ya yi mata sallama.

"Baba, ki yafe ni. Na sa miki rai."

"Ba kai ka sa min ba, ranka ya daɗe. Ni na sa wa kaina."

Daminar nan aka saki ruwa da rana tsaka, mutane suna gona. Ba a rasa rai a gidan Yaya ba, amma ɗakuna uku sun zube, rumbu ya tafi, gonar ta koma yashi har gwiwa. Ya iso gari da matarsa a bayan motar kaya, da katifa ɗaya da tukwane. Tafireta ta ba su ɗakin ciki, ita ta dawo falo.

Ta yi ta jiran ya tsokane ta, ko da sau ɗaya ne, ta samu ta yi kuka. Bai yi ba. Mutumin da da ba ya rufe baki ya koma sai gaisuwa. Matarsa ta fara kasa albasa a bakin titi. Shi kuwa ya tsinto tsofaffin bokitan fenti guda shida, ya cika su da ƙasa, ya shuka barkono a tsakar gida. Kullum da safe in za ta fita aiki takan same shi tsugune a gabansu, yana cire ciyawar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Ranar nan mai gidan haya ya tare ta a ƙofa. Ya ce ba don komai ba, amma ruwan bokitan nan yana jiƙa masa gindin bango, a san yadda za a yi da su kafin ƙarshen wata.

Ta ce to, za ta gaya wa Yaya. Ta gyara mayafinta ta nufi tasha, tana ta neman bakin da za ta faɗa masa da shi.