Ranar da Baba Ya Miƙa Bindigarsa

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin muna jihar Sakkwato, gonarmu ta shinkafa tana bakin ruwa, kusa da Ngaski. Baba yana da tsohuwar bindiga wadda bai taɓa sa wa harsashi ba. Albarushi da tsumma kawai yake ɗura mata. Da yamma sai ya tsaya a gaɓa ya harba sau ɗaya, dorina ta ji ƙara ta yi nesa da mu.

Sai aka yi shela wai kowa ya kai bindigarsa ofis a Yelwa a duba takarda. Maƙwabta duk suka cusa nasu a rumbu. Inna ta ce, "Malam, kai ma ɓoye ta mana!" Ya ce shi da ke da takarda, mi zai tsorata? Ya naɗe ta a tabarma, ya kai da kansa.

Suka karɓe, wai sai Sakkwato ta sa hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dorina fa?" Aka ce ya buga mata gwangwani.

Wallahi ya buga, har hannunsa ya kumbura. Cikin kwana huɗu dorina ta cinye gonar, sauran ta tattake. Maƙwabta kuwa suka fito da nasu suna ta harbawa, ba wanda ya tambaye su. Shinkafarsu muka ci a shekarar. Bindigar kuma, har Baba ya rasu ana ce masa Sakkwato ba ta amsa ba.