Ɗakin da Shagwaɓa Ba Ta Taɓa Shiga Ba

Mai Takalma ya yi imani babu abin da ba shi da wari a duniya. Ka kawo masa ƙafa ɗaya, sai ya zazzage buhunsa ya zaƙulo maka 'yar'uwarta, launi ɗaya, girma ɗaya. Da wannan sana'a ya ci ya sha, ya aurar da 'yarsa, har furfura ta cim masa a bakin titi.

Matarsa ta rasu ta bar masa keken ɗinki da zomaye biyu. Keken ya kulle a ɗakinta, ya jefa makullin cikin gwangwanin ƙusoshi. Zomayen kuwa, shi da a da yake ce musu maciya banza, ya koma sai ya yanko musu ciyawa kafin ya karya kumallo. Ana nan namijin ya mutu. Macen, wadda marigayiya ke kira Shagwaɓa, ta lafe bayan randa, ko ganyen karas ta daina taɓawa. Tsoro ya kama shi sosai, don ita kaɗai ta rage mai numfashi cikin abin da matar ta bari.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya shiga kasuwa ya zaɓo fari mai baƙin kunne, sak marigayin, ya zura shi cikin kejin yana murmushi. Kafin ya miƙe gashi ya tashi sama. Shagwaɓa ta yaga wa baƙon kunne, shi kuma mai rabon faɗa ya samu rabonsa a babban yatsa.

'Yarsa ta zo ta tarar da shi yana ɗaure hannu da tsumma.

"Haba Baba, zomo ai ba takalmi ba ne! Ita ba launi take gani ba, wari take ji. Ka kai mata baƙo har makwancinta, me kake so ta yi? Sai dai a haɗa su inda ba ta taɓa takawa ba."

"To ina ne ba ta taka ba a gidan nan? Har ƙarƙashin gadona ta yi kashi."

'Yar ta dubi ƙofar da ke kulle, ta sunkuyar da kai. Marigayiya ba ta taɓa barin zomo ya shiga ɗakin ba, saboda igiyar keken.

"A'a," ya ce.

Ya raba musu keji, ya musanya musu shimfiɗa, ya yi lallashi har da roƙo. Shagwaɓa sai ramewa take, in ya ɗaga ta ƙasusuwa yake ji. Ranar da ta kasa tsallake bakin kejin, ya juye gwangwanin ƙusoshi a ƙasa, ya tsinci makullin ɗakin.

Ƙura ta rufe komai. Rigarsa da ba a ƙarasa ba tana nan ƙarƙashin allura. Ya ajiye zomayen a tsakar ɗaki, ya zauna a kujerar marigayiya don babu wata.

An daɗe ba wanda ya motsa. Can Shagwaɓa ta matsa ta kwantar da kai, baƙon ya shinshina, ya fara lasar mata goshi. Da ta gaji ta ja jiki zuwa gindin keken, ta kafa haƙori a igiyar tana gwaguya. Rabon da ya ga bakinta ya motsa har ya manta.

Mai Takalma ya juya wajen ƙofa yana jiran a daka tsawa. Ba wanda ya daka. Ya bar ta ta cinye.